Gidan Waziri da Amanar Takardu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi. In haka ne game da bashin mutum biyu, to ina ga alkawarin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa? Shi ya sa Manzon Allah ya sa Sayyidina Ali ya rubuta sulhun Hudaibiyya, Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani.

A Daular Sakkwato, gidan Waziri shi ne abin da yau za a kira ma'aikatar harkokin waje. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ya sauki Bature Clapperton a 1824, wanda ya koma da wasiƙar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa ga Sarkin Ingila. Wasiƙun da Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Borno kuwa sun tsira ne domin ya kwafe su cikin Infaƙul Maisur. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da wasiƙun sarakuna a gidan Waziri Buhari, aka fassara su aka buga a 1927. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya riƙe wannan gado har ya zama madogarar masu binciken tarihi.

Gwamnati ta fara nata adanin a 1954 a Ibadan, bisa jagorancin Kenneth Dike, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna. A can fayilolin Lardin Katsina suke, kowane da lambarsa. Mai neman labarin harajin Ƙanƙara ko iyakar Faskari, jerin sunaye zai fara dubawa, sannan a ɗauko masa. Asirin aikin ke nan. Takardar da ba ta cikin jeri, ko tana cikin ɗaki, ɓatacciya ce.

Mu dawo gida. Ƙanƙara da Faskari suna maƙwabtaka da Tsafe, inda tsohon garin malamai 'Yandoto yake, yankin kuwa har Sabuwa bai taɓa rabuwa da ilmi ba. A gidajen hakimai da alƙalai da limamai akwai wasiƙu masu hatimi, da takardun gado da na gona, cikin gafaka da adaka. Da can gara da ɗigon damina ake tsoro. Yau an ƙara da 'yan bindiga, waɗanda suka tashi ƙauyuka, har suka kwashe ɗaliban sakandaren Ƙanƙara a Disamba 2020. Mai gudun ceton rai ba ya waiwayar gafaka.

Saboda haka muna kira ga magada su samu littafin rajista. A ba kowace takarda lamba. A rubuta wanda ya aiko, da wanda aka aika wa, da shekara ta Hijira, da batun a taƙaice, da yawan warƙoƙi. Kada a raba takardun da aka samu ɗaure tare, domin ɗaurin ma shaida ne. A ɗauki hotonsu, a kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, asali ya zauna hannun masu shi.

Ɗan kasuwa ya san darajar rasit ranar gardama, ma'aikaci ya san abin da ɓatan fayil ke jawo wa mai neman fansho. To, attajiri ya sayi akwatin ƙarfe, ma'aikaci ya koya wa almajiri tsarin lamba, malami ya karanta Larabcin da ajamin. Amana ce da za a tambaye mu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya mayar da zaman lafiya ƙasarmu, amin.