Ƙiba da Abincin Saye: Laifin Mai Ci ne ko na Mai Sayarwa?

Ƙiba tana samuwa ne idan abin da jiki ke karɓa daga abinci ya daɗe yana fin abin da yake ƙonawa wajen aiki da tafiya da sauran hidimarsa. Rarar sai ta koma kitse, ta taru a ƙarƙashin fata da kewayen hanji da hanta. Likitoci suna auna ta da lissafi mai sauƙi: a ninka tsawon mutum da kansa a ma'aunin mita, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Idan amsar ta kai 25, nauyi ya wuce kima. Idan ta kai 30, an shiga ƙiba mai haɗari. Mai tsawon mita 1.70 yana taka matakin farko da kilo 73, na biyu kuma da kilo 87. Teɓar ciki ta fi kowace illa, domin ita ce ta fi kusa da ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai haɗari, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Wannan binciken dai shi ne ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

Saboda haka wanda ke zaune a garuruwan wannan yanki kamar Garbadu, ko Bakura, ko Maradun, yana da hujja idan ya ce zancen ƙiba zancen masu ƙoshi ne. A Talata Mafara ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa, kuma 'yan bindiga sun raba manoma da dama da gonakinsu. Sai dai yunwa da ƙiba ba sa korar juna. A gida ɗaya ana samun yaro ramamme da uwa mai teɓa, domin abincin da ya fi araha yana cika ciki da sitaci da mai, ba ya kawo abin gina jiki. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ɗaga hankali. Tun a shekarun 1980 wani likitan Ingila, David Barker, ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya idan sun manyanta, daga baya aka ga haka a ciwon suga. Jikin da ya tashi cikin rashi yana sabawa da tattali, idan wadata ta zo masa sai ya yi ta ajiya. Yaron da ake yi wa jinyar tamowa yau, yana iya zama wanda ciwon suga zai fi saurin kamawa in ya samu aiki a Gusau ko Kano nan da shekara talatin.

Muhawarar wa ke da laifi ta fi yin zafi a Amurka. A 2002 iyayen wasu 'yan mata a birnin New York suka kai ƙarar kamfanin McDonald's, suna cewa abincinsa ne ya jawo wa 'ya'yansu ƙiba da rashin lafiya. A watan Janairun 2003 alƙali Robert Sweet ya kori ƙarar. Hujjarsa ita ce kowa ya san yawan cin soyayyen abinci yana sa ƙiba, kuma ba aikin kotu ba ne ta tsare mutum daga abin da ya zaɓa da saninsa. Amma bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba: ya ce da masu ƙara za su nuna an sarrafa abincin ta yadda ya ɗauki wata illa da mai saye ba zai iya sani ba, da maganar ta canja. Bayan haka jihohin Amurka fiye da 20 suka yi dokar hana irin wannan ƙara. Shi kuwa kamfanin, a 2004 ya daina sayar da kasonsa mafi girma na dankali da lemo, a shekarar da fim ɗin Morgan Spurlock ya fito, wanda ya yi wata guda ba ya cin komai sai abincinsu.

Iyakar da alƙalin ya ja tsakanin abin da mai ci ya sani da abin da aka ɓoye masa tana da amfani ko'ina, har a inda babu McDonald's ko ɗaya, kamar Najeriya. Manyan gidajen abinci irin su Chicken Republic da KFC suna manyan birane ne. A ƙasar Mafara abincin saye yana hannun mai shayi da biredinsa da ƙwai da indomi, mai ƙosai da fanke da safe, mai waina, mai awara, mai shinkafa da wake da mai da yaji a bakin tasha, mai tsire da balangu da yamma, da mai kanti wanda ya jera lemon roba a cikin ƙanƙara. Ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika, dubban mutane a hannun waɗannan suke cin abincin rana. Da yawa daga masu sayarwar mata ne da ke ciyar da gida da ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Duk wanda ya kwaso fushin da ake yi wa kamfanin Amurka ya sauke a kan mai ƙosai, ya yi zalunci.

Masu ɗora alhaki a kan mai ci suna da gaskiya mai yawa. Babu mai tuwo da ta taɓa yi wa baligi ɗura. Mai saye ne ke cewa a ƙara mai, shi ne ke cewa a zuba sukari cokali huɗu a shayi, kuma in aka rage masa gobe sai ya koma teburin maƙwabci. Bugu da ƙari, mafi yawan abin da mutumin Garbadu ke ci daga tukunyar gidansa yake fitowa. A can ne miya ke iyo da mai don kada a ce maigida ya gaza, a can ne ake jefa dunƙulen magi huɗu ko biyar inda a da daddawa ta wadatar, a can ne fura da kunu da zoɓo suka koma sai da sukari. Watan azumi, wanda ya kamata ya hutar da ciki, ya zama lokacin da aka fi soye-soye, alhali kowane ɗalibin islamiyya ya san hadisin da ya yi umarni a kasa ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Al'ada ma tana da hannu. Har yanzu ana yi wa mutum barka idan ya yi tumbi, ana cewa hutu ya karɓe shi, amaryar da ba ta yi ƙiba ba kuma a fara tambayar ko lafiya take zaune da mijinta. Wannan ne ke tura wasu 'yan mata shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi magungunan kumburi ne ko na ƙaiƙayi da ake saye ba da takardar likita ba. Irin na kumburin suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, suna ɗaga suga da hawan jini, suna raunana ƙashi da garkuwar jiki. Babu gidan abincin da za a kama da wannan laifin.

Amma cewa kowa ya kame bakinsa kawai bai isa bayani ba. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana da babban rabo a bambancin ƙiba tsakanin mutane; mutum biyu za su ci daga kwano ɗaya, ɗaya ya yi teɓa, ɗaya ya tsaya yadda yake. A 1994 aka gano sinadarin leptin, wanda kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don daidaita yunwa, kuma daga nan aka fahimci dalilin da ya sa mai rage ƙiba ke shan wuya: da zarar kitse ya ragu, jiki sai ya ƙara jin yunwa, ya rage abin da yake ƙonawa. A 2019 wani masani mai suna Kevin Hall ya ajiye mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu kuma abincin da ba a sarrafa ba, aka bar kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum ba tare da sun yi niyya ba, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Mutanen ba su canja ba; abin da aka ajiye a gabansu ne ya canja.

A ƙasar Mafara ma abin da ke gaban mutane ya canja. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, shinkafa ta samu gindin zama a yankin, kuma farar shinkafa da taliya da fulawa sun fi gero da dawa saurin komawa suga a cikin jini. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi tafiyar ƙafa. Manomin da rashin tsaro ya koro cikin gari ya bar aikin da ke cinye abin da ya ci, ga damuwa da rashin barci, waɗanda su ma ke ƙara ci. Matar da ke zaman kulle ba ta da filin motsa jiki sai tsakar gida. Ɗan kabu-kabu da lebura suna da 'yan mintoci da 'yan canji, sai su nemi abin da zai riƙe ciki har dare, kuma mai shi ne mafi arahar hanya: giram ɗaya nasa yana ba da kalori 9, na hatsi bai wuce 4 ba. Yaro kuwa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Abin da aka miƙa masa shi yake ci, kuma da shi harshensa ke sabawa.

Rabon mai sayarwa yana farawa ne daga inda idon mai saye ya tsaya. Mai sayen ƙosai yana ganin maiƙo a takarda, amma bai san kwana nawa man ya yi a kasko ba. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana fitar da sinadarai masu lahani ga jijiyoyin jini. Mai shan zoɓo bai ga yawan sukari ko zaƙin kanti da aka zuba ba. Mai sayar da magani ya san abin da ƙwayar ƙiba ke yi, yarinyar da ke saye ba ta sani ba. A nan maganar ta zama ta amana, kuma ƙarancin riba ba ya wanke kowa.

Kaso mafi nauyi yana kan manyan kamfanoni, saboda su ne suka fi kowa sanin abin da ke cikin hajarsu, su ne kuma ke da kuɗin talla. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato kwatankwacin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi na yini guda. Indomi ana soya ta da mai kafin a sa ta a leda. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, alhali hukumar ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5. Madarar gari mai araha sau da yawa an cire mata man shanu an maye da man ja da aka tace. Duk wannan yana rubuce a jikin leda, amma da Turanci, da ƙananan haruffa, a yankin da masu saye da yawa ba su karanta boko. Bayanin da mai saye ba zai iya karantawa ba daidai yake da wanda aka ɓoye.

Wasu ƙasashe sun kama bakin zaren daga nan. Meziko ta sa wa lemon zaƙi haraji a 2014, sayensa ya ragu. Chile ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban leda a 2016, wanda ko marar karatu zai gane. Birtaniya ta fara nata harajin a 2018, ta ɗaure shi da yawan sukari, sai kamfanoni suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, wato naira 5 a roba guda, abin da mai saye ba ya ma lura da shi. Hukumar NAFDAC kuma ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta taƙaita wani nau'in kitse mai toshe jijiya zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Dokar tana da kyau, amma ba ta kai ga man da ake aunawa da kwalba a kasuwar ƙauye.

Alhakin kowa yana tafiya ne daidai da abin da ya sani da abin da yake da iko a kai. Baligi mai hali da aka auna aka gaya masa jininsa ya hau, ya ci gaba da lemo da kitse, ba shi da wanda zai zarga. Talakan da kuɗinsa bai wuce na garau-garau ba, da yaron da ake karya wa kumallo da lemo da biskit, ba a yi musu wannan hukunci. Abin da ke hannun magidanta a Garbadu, Bakura da Maradun ba kaɗan ba ne: gero, dawa, wake, hoce, zogale, rama, kuka da nono duk suna nan, kuma sun fi yawancin kayan kanti amfani. Masu suya su riƙa sauya mai kafin ya yi baƙi, masu shayi su bar mai saye ya faɗi sukarin da yake so. Hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun su sa awon jini da na suga a ranakun kasuwa, a hana sayar da ƙwayoyin ƙiba ba da takardar likita ba, gwamnatin tarayya kuma ta tilasta wa kamfanoni buga gargaɗin sukari da gishiri da Hausa, da alamar da kowa zai gane.