Kuɗin suna ne ke kai mai hoto Ingal

Duk wanda ya taɓa halartar suna ko ɗaurin aure a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san shi. Tun kafin liman ya zauna ya iso bisa moto, jaka rataye a kafaɗa, kyamara a ƙirji. Ba a kai masa goron gayyata ba, amma kuma babu mai korarsa. Yakan dakata maroƙa su lafa, mai gida ya sauya riga, sannan ya soma ratsawa tsakanin tabarmi. Jama'a na ce masa mai hoto, ma'aikatan biro kuwa fotogiraf. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, hotunan ƙasar nan da ɗan ƙasa ya ɗauka da hannunsa, na raƙuman dawan Kure, na samarin Bororo a Ingal, na hasumiyar masallacin Agadas, da yawansu daga aljihun masu suna da masu aure kuɗinsu ya fito. Da wuya a samu ma'aikatar da za ta biya mai hoto mai zaman kansa ya tafi daji. Abin da ya tara a biki shi ne guzurinsa.

Sana'ar ba ta soma da yawo ba. Masu hoton farko na biranen Nijar, waɗanda da dama daga cikinsu Yarabawa ne da mutanen Togo, Dahome da Gana, shago gare su: labule mai zane a bango, kujera, furen roba, da ɗan ɗaki mai duhu inda suke wanke hoton baƙi da fari da kansu. Mutum ke zuwa wurinsu, ya yi ado, ya biya. A shekarun 1980 ne injinan wanke hoto mai launi suka shigo, aikin wanki ya koma hannun masu labo, kuma duk saurayin da ya mallaki kyamara ya iya shiga sana'ar ba tare da ya kama shago ba. Daga nan aka samu mai hoto ɗan yawo, wanda shi ke bin mutane har gida.

Lissafinsa ɗan kasuwa zai gane shi nan take, sabili da bashi ne tsantsa. Fim guda hoto 36 yake ɗauka. Mai hoto ya saye shi da kuɗinsa, ya biya labo da kuɗinsa, in garinsu babu labo ya haɗa da ladan direban da zai kai ya dawo da shi. Sai bayan haka ne zai bi gida gida da ambulan yana neman masu fuskokin. Wata ta ce ta yi baƙi, wani ya ce idonsa a rufe, baƙon da ya fi kowa gyara hula a gaban kyamara kuwa tuni ya koma garinsu. In hoto goma suka kwana a jaka, riba ta tafi. Ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Fim, takardar hoto da ruwan wanki duk daga waje ake shigo da su, alhali kuwa mai suna bai ga dalilin da zai sa ya ninka kuɗin hoto ba. Ƴan sana'ar da suka ga wannan shekara ba su manta da ita ba.

A fagen biki ne kuma mai hoto ke koyon abin da zai amfane shi a daji, wato sha'anin haske. Babban abokin gabarsa a nan shi ne farar shadda. Kyamara na auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya; in alhaji ya tsaya cikin rana da babbar riga fara sol, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta tsuke idonta, riga ta fito da dukan aikinta, fuska kuwa ta zama gawayi. Shi ya sa gogaggen mai hoto ke jan mutum zuwa inuwar bango ko ta dogon yaro, ko ya ƙara buɗe idon kyamara, ko ya kunna fitilarta da rana tsaka, abin da ke sa yara yi masa dariya. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina. Wanda ya kwance gilashin kyamara a fili cikin hazo, duk hoton da zai biyo baya da ɗige-ɗige zai fito.

Kokowa makaranta ce ta daban. Tun da aka soma gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, fagen ya zama wurin da ake gwada masu hoto kamar yadda ake gwada ƴan kokowa. Ana iya shafe mintoci ana kewaye, ana taɓa hannu, ana watsa ƙasa, sannan kaye ya auku cikin ƙiftawar ido. Zamanin fim babu damar dannawa barkatai, don kowace dannawa kuɗi ce. Dole mai hoto ya san kokowar ita kanta: ya bar kallon fuska ya dubi ƙafafu da ƙugu, ya gane wanda ya soma rasa gindin zama, ya danna kafin baya ya taɓa ƙasa. Wanda ya jira ihun jama'a, ƙura kaɗai zai kai gida. Hotunan su Salma Ɗan Rani da ke manne a shagunan tsofaffin masoya kokowa ta haka aka same su.

To, in damina ta ja baya, sallah ko lokacin aure ya bar ɗan abu a jaka, sai mai hoto ya dubi arewa. A watan Satumba makiyaya, Abzinawa da Fulani, ke haɗuwa a Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, inda dabbobi ke lasar ƙasa mai gishiri bayan sun ƙoshi da ciyawar damina. Mutumin Maraɗi ta Tawa da Abalak yake bi, na Damagaram ta Tanut da Agadas. Can zai tarar da sukuwar raƙuma, da samarin Bororo jere kafaɗa da kafaɗa, fuska shafe da jar ƙasa ko rawaya, ido da kwalli, suna ɗaga dugadugai suna bayyana farin ido da farin haƙori don ƴan mata su zaɓa. Da hantsi ko da la'asar sakaliya ake samun hoton kirki. Rana tsaka takan kashe launin. Hoton da ya fi daraja kuma sau da yawa ba na rawar ba ne, na shirin ne, lokacin da saurayi ke tsugune da ɗan madubi a tafin hannu. Wannan kuwa ba a samunsa sai an zauna an sha shayi, an gaisa, an nemi izini.

A nan ɗan ƙasa ya fi baƙo, don yana jin Hausar da makiyayan ke yi a kasuwa, ya kuma san yadda ake shiga ruga. Amma a wajen sayarwa baƙo ya yi masa nisa. Littafin hotunan makiyayan Nijar da Ba'amurkiya Carol Beckwith ta fitar a 1983, da fim ɗin da Bajamushe Werner Herzog ya yi bisa Bororo a 1989, su ne suka kai waɗannan fuskoki duniya. Aiki ne mai kyau, babu mai musu. Sai dai ɗan Maraɗin da ya tsaya a fage guda, cikin ƙura guda, kasuwarsa ba ta wuce katin gaisuwa a bakin otal ba, ko kalandar wani kamfani a ƙarshen shekara. Shi kuma saurayin da aka ɗauka, galibi bai taɓa ganin hoton nasa ba. Masu hoton da suka san darajar sana'a kan koma baɗi da ambulan su nemi masu fuskokin, kuma su ne ake sake buɗe wa ƙofa.

Raƙuman dawa sun fi kusa, amma sun fi neman haƙuri. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso, ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke. A 1996 ba su wuce 50 ba; da kariyar hukuma da haƙurin manoma suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji, arewacin jihar Maraɗi. Ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, kuma manomin da suka cinye wa wake ba ya yi musu kallon da baƙo ke yi. Da damina suna bisa tudu cikin sarƙaƙiya, da rani su gangaro Dallol Boso inda gawo ke da ganye. Dabba ce da ta kai mita biyar, amma tana iya tsayawa bayan itace mutum ya wuce bai gan ta ba, shi ya sa ba a shiga sai da jagora ɗan yankin. Ba a tunkararta kai tsaye, a kaikaice ake matsawa, a tsaya, a sake matsawa. In an ɗaga kyamara kuma sai tsohuwar matsalar ta dawo: kan raƙumin na can cikin farin sarari, tamkar fuskar alhaji bisa farar shadda. Wanda ya koyi darasin a zauren suna ba ya faɗuwa a nan.

Abubuwa biyu suka taru suka karya wannan tsari. Na farko wayar salula. Yau kowace ƙawar amarya da kyamara a hannunta, hoto na isa Makka da Abijan kafin a raba goro, kuma babu mai jiran ambulan. Masu hoton da suka tsira su ne waɗanda suka koma bidiyo, da manyan bukukuwan masu hali, da tarurrukan ƙungiyoyi, da hoton fasfo da na takardun jarrabawa. Ɗan abin da ke ragowa a jaka bayan sallah, wanda dā ke zama kuɗin mota zuwa Ingal, ya ƙanƙance. Na biyu rashin tsaro. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a dajin Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu da jagoransu ƴan Nijar. Arewa kuwa tun kafin nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Mai sayen katin gaisuwa ya tafi, kuma shi kansa mai hoto sai ya yi tambaya sosai kafin ya kama wata hanyar, ban da tsohuwar doka da kowa ya sani ta nisantar barikin soja da filin jirgi da kyamara.

Saura abin da aka riga aka ɗauka. Kowane tsohon mai hoto na da kwali ko akwatin ƙarfe cike da kilishe, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Zafi na narkar da shi, laimar damina na manne shi, gara na cin ambulan ɗin da aka rubuta suna da shekara a kai, magada kuma kan share ɗaki su zubar don ba su ga amfaninsa ba. Alhali kuwa a ciki akwai abubuwan da ido ba zai sake gani ba. Itacen Tenere, da wata babbar mota ta kayar a 1973, kututturensa na gidan tarihi na Yamai, amma tsayuwarsa shi kaɗai cikin rairayi sai a hoto. Haka tsohuwar babbar kasuwar Yamai da ta ƙone a 1982: ɗan kasuwar da ke son nuna wa jikansa inda rumfar kakansa take, sai ya nemi wani mai hoto.

Maƙwabta sun riga sun nuna abin da irin wannan kwali zai iya zama. A Bamako, tun 1994 ake taron masu hoton Afirka, kuma hotunan aure da na rawar samari da Malick Sidibé ya ɗauka don neman abinci su ne suka kai shi ga babbar lambar yabo ta birnin Venis a 2007. A Nijar, Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014, kuma hotunansa an fi saninsu a waje bisa ga cikin gida. Na sauran, waɗanda suka bi sunaye da fagagen kokowa na Maraɗi, Damagaram da Tawa shekara talatin, suna nan ƙarƙashin gado. Na'urar da ke kwafe kilishe zuwa kwamfuta ba ta kai kuɗin moto ba, kuma da yawa daga cikin tsofaffin da za su iya duban kilishe a hasken taga su faɗi sunan mutum da garin da shekarar suna raye har yanzu.