Otal a Unguwar Masana'antu: Ina Ruwan Ya Fito, Ina Ya Tafi?

Baƙin ƙananan otal-otal ɗin da ke tsakanin Bompai da Nassarawa, da waɗanda suka ɓullo a hanyar Sharada zuwa Panshekara, ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Injiniya ne da aka ɗauko daga Legas ya tayar da injin masana'antar roba, ko dillalin fata da ya zo ganin kaya a majemun Challawa, ko wakilin kamfani mai bin bashi. Ɗaki mai sanyi suke so, da ruwa a famfo, da wutar da ba ta ɗaukewa. Mai irin wannan otal, wanda ba shi da uwar kamfani a Turai da za ta tsara masa komai, idan ya ce zai riƙa kula da muhalli har ya samu lambar yabo, abin da aka fi nuna masa shi ne ɗan katin da ake ajiyewa a banɗaki ana roƙon baƙo ya maimaita tawul. A wannan yanki katin nan wasa ne. Abin da ya cancanci yabo yana can baya, wurin rijiyar burtsatse da sokawe da ɗakin janareta, inda baƙo ba ya leƙawa, mai ba da lamba ma bai cika leƙawa ba.

Tun kafin kiran sallar asuba ranar irin wannan gida take farawa. Mai kula da inji ne farkon tashi: ya duba ko wutar KEDCO ta kwana, ya zura sanda a tankin dizal, ya kunna famfon da ke tura ruwa zuwa tankunan sama kafin baƙi su fara wanka. Masu wanki da guga na biye da shi da tulin zannuwan gado, sannan kuku ya aiki yaro kasuwa ya haɗo kayan miya da na salak. Kafin hantsi an riga an yanke duk hukuncin da ya shafi muhalli a gidan, kuma ba manaja ne ya yanke shi ba. Mutanen da albashinsu ya fi ƙanƙanta ne suka yanke, gwargwadon abin da aka koya musu da abin da aka ba su na aiki.

Ruwa ne babbar magana, saboda inda otal ɗin yake zaune. Gurɓataccen ruwan masana'antun Bompai yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya nufi dam ɗin Wasai. Na Sharada yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, inda majemun Challawa su ma suke zubar da nasu. Jimar zamani ba ta bagaruwa ba ce irin ta majeman cikin gari. Da sinadarin kuromiyam ake yi, kuma masu bincike daga jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna samunsa, tare da gubar dalma, a ruwan waɗannan rafuka da ƙasar da ke gefensu. Otal ɗin da ya haƙa burtsatse a nan ya ce ruwansa garau ne don ido ya ga haka, yana yaudarar kansa. Waɗannan ƙarafa ba su da launi idan sun narke kaɗan-kaɗan, kuma tafasawa ba ta kawar da su. Gwaji a ɗakin bincike, damina da rani, da adana takardar sakamakon, shi ne matakin farko. Na biyu kuma ya waiwayi nasa ruwan: ruwan wanki mai sabulu da bilic, da maiƙon kicin, ko dai a tare su a tace, a shayar da darbejiyar harabar gida, ko a sake su cikin kwata su tarar da na masana'antu. Shi kuma direban motar da ke zuƙe sokawe, akwai wanda ya taɓa tambayarsa inda yake juyewa?

Maganar ba ta tsaya a famfo ba, har faranti take kaiwa. A bakin Jakara da Getsi akwai lambuna masu kyan gani, latas da kabeji da alayyafo shar, da ruwan rafin ake ba su. Idan kaya ya isa kasuwa irin ta 'Yankaba ba ya ɗauke da shaidar inda aka noma shi. Otal ɗin da ya ɗauki abin da gaske zai ƙulla ciniki da manoman da ya san gonarsu, a Kadawa ko Kura ko Bunkure, inda ake ban ruwa daga dam ɗin Tiga. Ba a zargin manomin Jakara da mugunta. Ruwan da ya samu ne yake amfani da shi, kuma ba shi ya ɓata shi ba.

Za a ce duk wannan tsada ce, kuma ƙaramin otal da ƙyar yake biyan albashi. A ɓangaren wuta lissafin ya riga ya juye. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu Band A zuwa naira 225 kan kowace yunit, ninki uku da ɗoriya, dizal kuwa kowa ya san inda ya kai. Rana ita ce abin da Kano ba ta rasa ba. A cikin Challawa ɗin kanta akwai tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Janairun 2023, Jami'ar Bayero kuma ta samu tata mai megawat 7.1 tun 2019. Amma kada a yi wa mai otal daɗin baki. Sola da rana take aiki, baƙo kuwa da dare yake kunna na'urar sanyaya ɗaki, batir ɗin da zai riƙe ɗakuna talatin har asuba a watan Afrilu kuɗinsa ba na wasa ba ne, ƙurar hunturu kuma tana rufe faifan sai an riƙa wankewa. Hanyar da ta fi dacewa da aljihu ita ce a mayar da ayyukan da ke cin wuta zuwa tsakar rana: tura ruwa sama, wanki, guga, daskarar da firiza, dumama ruwan wanka. Sannan a rage zafin da ke shiga ginin tun farko. Magina na da sun san wannan. Kaurin bangon Gidan Makama da na Gidan Dan Hausa da ƙananan tagoginsu ba ado ba ne. Abin mamaki ne a ga sabon otal a Kano an lulluɓe fuskarsa da gilashi tana kallon yamma, sannan mai shi yana kukan kuɗin dizal.

Akwai suka da ta fi wannan nauyi: me otal mai ɗakuna arba'in zai canza a gefen masana'antar da ke zubar da ruwan jima dare da rana? Gaskiya ne, ba zai wanke Salanta ba. Wannan aikin hukumar NESREA ne, wadda aka kafa a 2007, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da su masu masana'antun. Sai dai otal ba don rafi kaɗai yake gwada ruwansa ba. Mai wanke-wanken da ke yini hannunsa cikin ruwan nan, da mai gadin da ke sha daga famfon harabar, da maƙwabtan da ke ɗiba a famfon da aka fitar musu waje don sadaka, duk amanarsu tana wuyan mai gidan. Kuma otal ne wurin da mai saye daga ƙetare yake kwana kafin ya shiga majema. Masu sayen fata na Turai sun fara tambayar yadda aka sarrafa ta. Idan baƙon ya tarar da takardar gwajin ruwa a manne a ɗakin karɓar baƙi, tambayar da zai yi a masana'anta washegari za ta fi kaifi.

Sai batun lambar kanta. Lambobin yabo iri uku ne a wannan sana'a. Akwai na ƙuri'a, irin World Travel Awards da aka fara a 1993, inda wanda ya fi tara masu zaɓensa yake ɗauka. A ƙasan waɗannan kuma akwai na liyafar dare, da ake sayen teburi a dawo da allon katako a rataye. Akwai kuma na bincike, irin Green Key da ta samo asali a Denmak a 1994, wadda sai an zo an duba da ido, an ga littafin mita, an ga inda shara take zuwa, an tambayi ma'aikata abin da aka koya musu. Allon liyafa yana iya jawo baƙo, ba a musu, amma ba ya cewa komai game da sokawe. Na bincike kuwa ma'auninsa an yanka shi ne da ƙasashen da ruwan famfonsu ba abin shakka ba ne, saboda haka yana iya yaba wa otal kan ƙwan fitila mai tsimin wuta ya wuce burtsatsen bai tsaya ba.

Wannan giɓin Kano ce za ta cike shi, kuma tana da iko. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas cewa ba wa otal lasisi da jera su daraja-daraja hurumin jihohi ne. Babu abin da ya hana hukumar yawon buɗe ido ta jiha ta ce otal a Bompai ko Sharada ko Challawa ba zai hau daraja ba sai ya kawo sakamakon gwajin ruwa na damina da na rani, da rasit ɗin inda aka juye sokawe, da lissafin dizal na wata goma sha biyu, da sunan ƙauyen da latas ɗinsa ya fito. Takardu huɗu ne, kuma ƙaramin otal mai zaman kansa zai iya haɗa su kafin babba, domin mai shi ne yake zaune a ofis ɗin da ke kallon ɗakin janareta.