Tsantsenin Mai Harhaɗa Magunguna a Muhandisin

Wanda ya bi titin Shihab a unguwar Muhandisin, wadda aka yanka wa injiniyoyi filayenta yamma da kogin Nilu cikin shekarun 1950, zai tarar da kantunan magani a ƙarƙashin benaye masu cike da ɗakunan likitoci, a kowane kanti kuma ga ma'aikaci sanye da farar riga, wanda Misirawa ke kira dakta. A gaban teburinsa ne wata mas'ala mai nauyi take sauka, wato ko lamirinsa ya ba shi ikon hana maganin da ke zubar da ciki.

A Amurka sai da wasu jihohi, kamar Misisifi, suka kafa doka domin kare wanda ya ƙi sayarwa saboda addininsa. A Masar kuwa al'amarin ya sha bamban, domin dokar laifuffuka ta 1937 ta haramta zubar da ciki, sashe na 263 ma ya tsananta uƙuba idan mai laifin likita ne, ko ungozoma, ko mai harhaɗa magunguna. Fuƙaha'u sun haɗu a kan haramci bayan busa rai, wato kwana 120, sai fa idan ran uwa na cikin haɗari. Kafin nan Malikiyya sun tsananta, wasu Hanafiyya sun sassauta bisa uzuri. Cocin Kibɗawa ma hani take yi. Saboda haka mai ƙin sayarwa ba ya bukatar garkuwa, hukuma da malamai suna bayansa.

Inda wahalar take shi ne, ƙwayar misoprostol da ake zubar da ciki da ita, wadda aka fara yi domin gyambon ciki, ita ce kuma ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ita ke wanke mahaifar wadda ta yi ɓari. Idan magidanci ya shigo da tsakar dare, takardar likita a hannunsa, yana cewa, "Dakta, iyalina jini ya ƙi tsayawa," aka yi masa kallon tuhuma aka sallame shi, to a ganina wannan tsoron hukuma ne ya ari rigar tsantseni, alhali shari'a ta sanya kiyaye rai cikin manyan maƙasudanta. Wajibin mai harhaɗa magunguna ne ya duba takardar, ya kira likitan da ya sa hannu, in kuwa an taƙaita maganin ga asibiti, ya faɗa masa wanda ya fi kusa, ya gaggauta shi.