Ɗaure Noti Ba Ya Gyara Birkin Tsohon Babur

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in ja kunnen 'yan'uwa masu tsofaffin babura da ke kai da kawowa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi.

Galibin baburan nan, irin su Jincheng da Boxer, birkinsu takalma biyu ne a cikin cibiyar ƙafa. In an taka, sai su buɗe su matse ƙarfen, ƙafa ta tsaya. Gugar nan ita ke cinye fatarsu, yashi da ruwan damina kuwa suna taya ta.

To, in birki ya yi sanyi, mutanenmu sai su ƙara ɗaure noti kurum. Ran da noti ya ƙure, fata ta ƙare ke nan, ƙarfe ke cin ƙarfe. Ran nan yaro zai gitta, a taka, babur ya ƙi ji.

Saboda haka, in kaurin fata ya kasa milimita 2, a sake takalman, duka biyu tare. A share ƙurar ciki da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki, gama tana lahanta huhu. Kada mai ko giris ya taɓa sabuwar fata. In an ɗaura, a gwada a hankali kafin a goya kowa.

Jama'a, kuɗin takalmin birki bai kai ladan maɗori ba. Allah ya kiyashe mu, amin.

Naka,
Wani Akawu, Dutsin-Ma.