Kazar Da Ke Ɗingishi: Tsakanin Wuƙa Da Kafso

Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Haka ne, amma a gidajenmu na Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni akwai kajin da wuƙa ta daɗe da yafe wa: wadda kaka ta ba jika, da wadda yara suka raɗa wa suna. Idan irin wannan kaza ta fara ɗingishi, na lura hanya biyu kaɗai muka sani. Ko dai a yanka ta kafin ta rame, ko a aiki yaro kyamis ya sayo kafso ja-da-rawaya a juye mata a ruwan sha. Da wuya ka ga wanda ya ɗaga ta ya dubi tafin ƙafarta, alhali sau da yawa a nan matsalar take.

Abin da akan tarar shi ne kumburi mai zafi da baƙin ɓawo a tsakiyarsa. Asalinsa ɗan rauni ne, daga ƙusa ko fasasshiyar kwalba, ko yawan dirowa daga katanga kan siminti. Ta nan ƙwayar cutar da likitoci ke kira Sitafilokokas ke shiga, musamman da damina, lokacin da kaza ke wuni cikin laima da kashinta. Kajin gidan gona masu nauyin jiki sun fi na Hausa kamuwa. Mugunyar kaza kuwa ba ruwa-ruwa take ba irin ta mutum; daskarewa take yi kamar cuku, ta zama curi. Shi ya sa kafson da aka zuba a ruwa ba ya kai mata yadda ya kamata.

A daminar bara kazar ɗiyata ta kamu da wannan ciwo. Safe da yamma muna tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri na kamar minti 15, mu tsane ta, mu shafa aidin, mu naɗe da bandeji ba tare da matsewa ba. Muka keɓe ta a akurki mai busasshiyar dusar katako. Cire curin kuwa likitan dabbobi ne ya yi, domin aiki ne na yanka nama mai rai, kuma kaza tana jin zafi ko da ba ta yi kuka ba. Cikin mako uku ta koma tonon ƙasa. Mazauna wannan yanki ma ba mu da uzuri, tunda asibitin dabbobi na Kundila yana kusa da mu.

Ba kowane ɗingishi ne wannan ba. Idan ɓawon ƙauri ya tattashi ya yi kaushi, wasu ƙananan ƙwari ne suka shige ƙarƙashinsa, kuma basilin da ake shafawa a kai a kai yana toshe musu numfashi. Baƙin man inji da kananzir da wasu ke shafawa ƙona fata suke yi. Idan kuwa ƙafa ta shanye babu rauni, ko wuya ya murɗe, ko kaji suka fara mutuwa bi da bi, to magana ta wuce bandeji. A ware ta, a nemi likita. Ba mu manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom tana samar da rigakafin cutar da ke kwashe kajinmu lokacin hunturu.

Kafson nan shi ya fi damuna. Maganin da aka ba kaza yana fitowa a ƙwanta da namanta na wasu kwanaki, kuma yaranmu ne ke ci. Ba da shi babu awo yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019. Sitafilokokas na cikin na gaba-gaba, kuma irinta ce ke wahalar da masu raunuka a asibitocin mutane. Don haka idan likita ya rubuta wa kaza magani, a tambaye shi kwana nawa za a ƙaurace wa ƙwanta. Mai sayen kaza a kasuwar Tarauni kuma, bayan ya taɓa ƙirji ya ji nauyi, ya juya ta ya dubi tafin ƙafafun biyu kafin ya biya.