Labarin Gwanin da Ke Ɗinka Murafun Kwalba

Ya ku malamai da fatake, duk wanda ya san kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya ga maƙeri yana mai da gwangwanin madara fitilar aci-balbal, ya kuma ga 'yan jari-bola suna auna tsohon ƙarfe a sikeli. To, ga labarin wani da ya kai irin wannan sana'a inda ba a zata ba.

Sunansa El Anatsui. An haife shi a Anyako ta ƙasar Gana a 1944, ya yi karatu a Kumasi, garin da fatakenmu na goro suka sani tun kaka da kakanni. A 1975 ya zo Jami'ar Nsukka koyarwa, bai bari ba sai 2011. Da fari farantan katako na kasuwa yake wa zane da ƙarfe mai zafi, kamar yadda akan yi wa ƙwarya a nan. Sa'an nan ya taɓa yumɓu, ya koma sassaƙa.

Wajen 1999 ne ya tsinci buhun murafun kwalba an yar. Daga nan aiki ya sake. Yaransa kan yanke murafun, su miƙar, su huda, su ɗinke da wayar jan ƙarfe, dubu bisa dubu, har su zama shimfiɗa mai rufe bango, tana ƙyalli kamar alkyabbar sarki. Mai hange daga nesa ya rantse saƙa ce, sai ya matso ya ga ashe ƙarfe ne.

Na san malamai za su yi tambaya. Galibin shimfiɗun nan babu surar mutum ko ta dabba a jikinsu, saboda haka zancen gunki bai taso ba. Amma fa ba a ɓoyewa, murafun na kwalaben giya ne. Shi kuwa yana ganin tarihi a cikinsu, domin giya tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa bakin teku suna musayar bayi. Hukuncin wannan na bar wa masu shi.

Fatake kuma ga naku. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a Venice ta Italiya, a 2023 aka rataye aikinsa a babban zauren Tate Modern a Landan, akwai ma shimfiɗarsa da aka yi gwanjonta fiye da dala miliyan 1. Murafun da ke jikinta kuwa, da sikelin jari-bola aka kai su, ban tsammani kuɗinsu ya sayi buhun shinkafar Argungu ba. Wassalam.